Shekara tara ta Ishaya Audu da shekara biyar ta shugabannin jami'a na yanzu

Malam Sani (Aliero): Assalamu alaikum 'yan zaure. Tambaya gare ni ga masana. Duk sanda wa'adin shugaban wata jami'a ya zo ƙarshe, a Birnin Kebbi ne ko Gusau ko Sakkwato, sai ka ji rabin ma'aikata na cewa shekara biyar ta yi kaɗan, rabi kuma na cewa da uku ce da sun huta. Farfesa Ishaya Audu shekara tara ya yi yana riƙe da Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, ABU. Me ya yi da taran nan wanda biyar ba za ta ɗauka ba? Don Allah a yi mana bayani, kada a tsaya yabon mamaci kawai.

Malam Umaru: Wa alaikumus salam. Bari in fara da mutumin, tunda yaran yanzu sunan titi kawai suka sani. An haife shi a Anchau a 1927, ya yi makarantar mishan ta Wusasa, ya wuce kwalejin Yaba ta Legas, sannan ta Ibadan, ya ƙarasa karatun likita a Landan. Likitan yara ne. Ya yi wa Sardauna likita, ya kuma koyar a makarantar likitanci ta Legas. A 1966, yana da shekara 39, ya gaji Norman Alexander, mutumin New Zealand da ya buɗe jami'ar a Oktoban 1962 da ɗalibai 426. Shi ne ɗan ƙasa na farko a kujerar, ya zauna har 1975. Daga baya ya tsaya wa Azikiwe mataimaki a jam'iyyar NPP a zaɓen shugaban ƙasa na 1979, Shagari ya ba shi ministan harkokin waje har 1983, ya rasu a 2005.

Amma a duba abin da ya tarar. An kashe Sardauna a Janairun shekarar da ya hau. Rikicin 1966 ya sa ma'aikata da ɗalibai 'yan Gabas suka tafi. A 1967 aka rusa Jihar Arewa aka yi jihohi shida, wato mai jami'ar ya mutu, magada shida suka gaje ta, kowa da aljihunsa, ga yaƙin basasa har 1970. Galibin malamai Turawa ne masu kwantiragi. Ciwon da ya fi duka shi ne Arewa ba ta fitar da isassun ɗaliban da suka cika sharaɗin shiga jami'a ba, don makarantun da ke da ajin HSC, na gaba da sakandare da ake shiga jami'a da shi, ba su da yawa. Maganin da aka yi a zamaninsa shi ne makarantar share fage, SBS, ta ɗauki mai takardar sakandare ta gyara shi sannan ya shiga digiri. Tsangayar likitanci ma a 1967 aka buɗe ta.

Dakta Hauwa: Malam Umaru ya taɓo wurin da amsar take. A yi lissafi da tsani irin wanda ake bi yanzu. Ka ɗauki yaro mai digiri mai kyau a matsayin mataimakin malami. Digiri na biyu shekara biyu, in an yi sa'a. Na uku shekara uku zuwa huɗu. Ya dawo ya tsaya a matakin malami na biyu. Daga nan ba a ƙarin girma sai an yi aƙalla shekara uku a kowane mataki: malami na ɗaya, babban malami, mataimakin farfesa, farfesa. Hawa huɗu, shekara 12, in bai taɓa faɗuwa wajen yawan rubuce-rubuce ba kuma masu tantancewa na waje ba su riƙe takardunsa shekara guda a durowa ba. Haɗa duka, kusan shekara 18. Shugaban da ya ɗauke shi ba zai ga ko dawowarsa daga digiri na uku ba in biyar ce wa'adinsa. Mai tara zai ga rukuni na farko sun dawo sun karɓi aji, har ya tura na biyu da na uku bisa abin da ya koya daga kuskuren na farko. Dashen giginya ne. Shi ya sa da aka buɗe sababbin jami'o'i a 1975, Sakkwato da Maiduguri da sauransu, Zariya ce rumbun da aka riƙa ɗibar malamai.

Ɗan Yauri: Dakta, na yarda da lissafin, amma a faɗi ɗaya gefen. Rabin ƙarshe na wa'adinsa ya faɗo cikin kuɗin man fetur, musamman bayan 1973. A ba wa na yanzu irin wannan kuɗin a ga ko ba zai yi abin kirki a biyar ba. Kuma ai ba shi kaɗai ba ne. Oluwasanmi na Ife shi ma 1966 zuwa 1975 ya yi, shi ya kwashe jami'ar daga Ibadan ya kai ta mazauninta. Zamani ne ya ba su dama, sarki goma zamani goma.

Dakta Hauwa: Kuɗi na sayen bulo yau a gina gobe, ba ya rage wa digiri na uku ko wata shida. Kuma shekarunsa huɗu na farko na yaƙi ne da tsuke bakin aljihu.

Injiniya Lawali: Hajiya Dakta, bulon ma ba ya tashi yau da gobe. Tunda yawancin gine-ginen jami'o'inmu na TETFund ne, asusun gwamnati na tallafa wa manyan makarantu, ga yadda abin ke tafiya. A ba ku takardar kason shekara. Ku kawo zane da lissafin kayan aiki, a duba a ba ku amincewar farko. Ku yi tallar kwangila bisa dokar sayen kaya ta 2007, a buɗe tayi, a tantance, majalisar gudanarwa ta sa hannu. Kafin a kafa diga an ci wata shida zuwa tara cikin sauƙi. Kuɗin gini kashi uku ake sakinsu: 50 cikin ɗari, sai 35, sai 15 na ƙarshe, kuma ba a sakin na gaba sai an zo an ga aikin na baya an karɓi takardun kashe kuɗi. Ɗakin lacca ko rukunin ajujuwa, in komai ya tafi daidai, shekara biyu ya ishe shi. Wannan biyar ta ɗauke shi.

Abin da biyar ba ta ɗauka shi ne aikin da ba a yanke masa kyalle: ruwa, magudana, layin wuta, hanyoyin ciki, asibitin koyarwa. ABU ta buɗe likitanci a 1967, amma sai 2005 asibitin koyarwarta ya tare a Shika. Ku ƙirga shugabanni nawa suka wuce a tsakani.

Ga kuma abin da ke faruwa in sabo ya ƙi aikin tsoho. Kowa a nan ya san irin ginin: ginshiƙai tsaye ba rufi, rodi ya fito sama kamar ƙahon sa ya yi ja da tsatsa, gara ta cinye katakon da aka tare kankare, buhunan siminti a kusurwa sun daskare sun koma dutse da zanen buhu a jikinsu, tumfafiya ta tsiro a inda aka ce nan ne ɗakin gwaji. Siminti in ya wuce wata uku a ajiye ƙarfinsa ya fara raguwa. Rodin da ya sha damina uku a fili sai an kankare shi an auna kaurinsa, kankaren kuma a yi masa gwajin ƙarfi kafin a ɗora komai. Ɗan kwangila ya dawo da sabon farashi, don kuɗin da aka yi lissafi da shi ya mutu. Ƙarshenta ƙarasawar ta fi ginin farko tsada, sai shugaba na uku ya ce gara ya fara nasa.

Malam Sani (Aliero): To ke nan a mayar da shi goma mana?

Malam Umaru: Kafin ka ce goma, ga waɗanda suka yi arba'in. A Amurka ba doka ce ke yanke wa'adi ba, kwamitin amintattu ne ke riƙe mutum har ya gaji ko su gaji da shi. Charles Eliot ya hau Harvard a 1869 yana da shekara 35, masanin kimiyyar sinadarai, ya sauka a 1909. Shekara biyu da hawansa ya tilasta wa makarantar likitanci tsarin shekara uku aji bayan aji da jarrabawar rubutu, manyan likitoci na ta kumfar baki. Ya naɗa Langdell shugaban makarantar lauyoyi a 1870, aka koma koyar da shari'a ta hanyar karanta hukunce-hukuncen kotu. Irin wannan gyara, makaminsa shi ne ka fi masu adawa daɗewa. Za su yi ritaya ɗaya bayan ɗaya, kai ke cike gurbin. Shugaba mai biyar, masu adawa ne ke jiran fitarsa, kuma sun san ranar.

Sai dai shi ma Eliot ya saki wa ɗalibai mara su zaɓi kusan duk darasin da suka ga dama, yara suka riƙa tsintar masu sauƙi. Ba wanda ya iya taka masa burki sai da ya sauka, magajinsa Lowell ya dawo da dokar cewa dole ɗalibi ya zurfafa a fanni guda.

Ɗan Yauri: Yauwa, ci gaba Malam, ka kawo Butler.

Malam Umaru: Nicholas Murray Butler, Columbia, 1902 zuwa 1945. Ya faɗaɗa jami'ar ƙwarai, har ya sami kyautar Nobel ta zaman lafiya a 1931. Amma a 1917 aka kori malamai biyu saboda adawa da shiga yaƙi, masanin tarihi Charles Beard ya ajiye aiki don fushi. Ya kai shekara 83 a duniya yana kan kujera, ido ya tafi, kuma bai reni magaji ba: shekara uku ana riƙon ƙwarya kafin Eisenhower ya karɓa a 1948. Eliphalet Nott na kwalejin Union ya fi shi, 1804 zuwa 1866, shekara 62, kuɗinsa da na makaranta suka cakuɗe har sai da aka yi bincike, ya ƙare da shanyewar jiki yana nan a kujera. Wanda na ga ya yi dabara shi ne Fada Hesburgh na Notre Dame, 1952 zuwa 1987. A tsakiyar mulkinsa, 1967, aka miƙa ikon jami'ar daga hannun ƙungiyar limamansu zuwa kwamitin amintattu da galibinsu ba limamai ba ne, wato ya yarda a ɗora masa masu tambayarsa.

Barista Nafisa: Iyayena da yayyena, a bar Amurka a dawo kan dokarmu, don da yawa na zaton shugaban ƙasa ke naɗawa har yanzu. A da zango biyu ne, huɗu sannan uku, shi ya sa Farfesa Ango Abdullahi ya yi 1979 zuwa 1986 a Zariya, Farfesa Mahdi Adamu na Ngaski ya yi 1982 zuwa 1989 a Sakkwato. Tun tsakiyar shekarun 1990 aka koma zango ɗaya na shekara biyar ba ƙari. Dalilin a fili yake: mai neman zango na biyu tun shekararsa ta uku yake kamfen, yana raba shugabancin sashe da na tsangaya ga waɗanda za su tsaya masa. Gyaran dokar na 2003 kuma ya ba majalisar gudanarwa ikon naɗawa a jami'o'in tarayya, ita ce ke zaɓa sannan ta sanar da Mai Ziyara, wato shugaban ƙasa.

Matakan: majalisa ta yi talla a jarida da sharuɗɗa, bisa al'ada wata shida kafin kujera ta faɗi. Ta kafa kwamitin farauta mai mutum biyar, ɗaya daga majalisa shi ne shugaba, biyu daga Sanet, wato majalisar malamai mai kula da harkar karatu, biyu daga babban taron ma'aikata masu digiri, aikinsu su nemo waɗanda suka cancanta amma ba su nema ba. Sai kwamitin zaɓe na haɗin gwiwa, shi ma biyar: shugaban majalisa, 'yan majalisa biyu da ba 'yan Sanet ba, da farfesoshi biyu daga Sanet waɗanda ba su shiga farautar ba. Su yi ganawa da 'yan takara, su miƙa sunaye uku, majalisa ta ɗauki ɗaya. In an rasa, a sa muƙaddashi, kuma doka ta ce kada ya wuce wata shida.

Inda ake yin ɓarna wuri uku ne. Na ɗaya talla: a ɗinka sharaɗi daidai wuyan mutum guda, misali yawan shekarun da aka yi ana farfesa, a ɗaga ko a sauke don a fitar da wani. Na biyu zaɓen wakilan Sanet, nan ne ainihin zaɓen, don wanda ya kawo mutum biyun nan ya yi rabin tafiya. Na uku in ba majalisar kwata-kwata. A Yunin 2023 an rusa majalisun jami'o'in tarayya, aka yi kusan shekara ba a maye su ba, wa'adin wasu ya ƙare a cikin wannan giɓi.

Baba Alhaji (Gwandu): Ɗiyata Barista, Allah shi yi miki albarka, kin hutasshe ni. Abu guda kurum zan ƙara. Majalisa shekara huɗu ta, shugaba biyar, mataimakinsa biyu sai a ƙara mishi biyu. Tun gyaran 2012 rajistara da ma'aji su ma zango guda na shekara biyar anka yanke musu. To ku duba mi anka yi: da can shugaba shina tahiya, rajistara na nan shekara goma ko fi, shi ya san inda kowace takarda take, da wace shawara Sanet ta yanke a wace shekara da dalilinta. Yanzu shekara guda na iya kwashe shugaba da rajistara da ma'aji da majalisa baki ɗai. Wanga shi na ciwon, ya fi gajartar wa'adin shugaba illa. Mai ɗaki shi ya san inda ruwa ke zuba, to in dut masu ɗakin baƙi na fa?

Dakta Hauwa: Baba, Allah ya ƙara girma, wannan gaskiya ce. Kuma biyar ɗin ma ba cikakkiya ba ce. Wanda ya hau jami'ar tarayya a 2019 ya sauka a 2024 ya ci yajin aikin ASUU na 2020, wata tara haɗe da kullen korona, ya ci na 2022, 14 ga Fabrairu zuwa 14 ga Oktoba, wata takwas. Cire wata 17. Cire wata shidan ƙarshe da kowa ya juya wa mai fita baya yana leƙen mai shigowa. Cire shekarar farko ta koyon gida in baƙo ne. Ɗalibin injiniya ko noma ko lauya shekara biyar yake yi, na likita shida. Sabon kwas da shugaba ya buɗe a shekararsa ta biyu, wani ne zai yaye ɗalibansa.

Ɗan Yauri: Amma Sakkwato fa? Tun 2004 biyar-biyar ake yi ba tangarɗa: Farfesa Tijjani Bande na Zagga zuwa 2009, wanda ya shugabanci babban zauren Majalisar Ɗinkin Duniya a 2019, sai Riskuwa Shehu zuwa 2014, Abdullahi Zuru zuwa 2019, Lawal Bilbis zuwa 2024. Kafinsu ga Mai Martaba Sarkin Yauri, Dakta Zayyanu Abdullahi, shi ma ya riƙe ta kafin sarauta. Jami'ar ba ta rushe ba.

Malam Umaru: Ba ta rushe ba don tsohuwa ce kuma 'yan gida ke gadon juna, kowa ya taso a cikinta ya san fayil. Jami'ar da ta kai shekara hamsin tana da farfesoshi da za su riƙe ta ko wa ya hau. Tambayar Malam Sani ta fi ciwo a kan ƙananan: Birnin Kebbi da Gusau 2013 aka kafa su, Aliero 2006, ta noma ta Zuru ma jiya-jiya. Su ne ke matakin da ABU take a 1966, ba su gama renon malamansu ba, amma an ɗora musu wa'adin da aka yanka don tsofaffi.

Dakta Hauwa: Kuma nan ake gane shi, ranar da NUC, hukumar kula da jami'o'i, ta zo tantance kwasa-kwasai. Ana son maki 70 cikin ɗari gaba ɗaya, da 70 a kowane ɗaya daga manyan ɓangarori huɗu: manhaja, malamai, kayan aiki da gine-gine, laburare. Cikakkiyar shaida shekara biyar take, ta wucin gadi biyu, in an hana kuwa an rufe ɗaukar ɗalibai a kwas ɗin. Ma'aunin malamai: 20 cikin ɗari farfesoshi da mataimakansu, 35 manyan malamai, 45 na ƙasa. Malami ɗaya ga ɗalibi 30 a fannin adabi da zamantakewa, 20 a kimiyya, 15 a injiniya, 10 a likitanci. Sashen da bai reni nasa ba, sati biyu kafin zuwan baƙi sai a shiga aron farfesoshi masu ziyara, a manna sunayensu a ƙofofin ofis da sabon fenti bai bushe ba, a jera na'urorin duba ƙwayoyin cuta da ledarsu ba a ɓare ba. Ba a fafe gora ranar tafiya, amma ana yi, wani lokaci har a ci. Bayan wata guda ka je sashen, malamai huɗu ne ke ɗauke da aji huɗu da masu digiri na biyu.

Malam Sani (Aliero): Barista, jihar Kebbi ko Zamfara za ta iya ba nata shugaban fiye da biyar?

Barista Nafisa: Jami'ar jiha dokar majalisar jiha ce ta kafa ta, gwamna ne Mai Ziyara, don haka wa'adin yana cikin waccan dokar, majalisar jiha ce ke da ikon taɓa shi. Ni dai ba zan ba da shawarar ba. Inda gwamna ke da hannu a naɗi da cirewa, zango na biyu igiya ce a wuyan shugaba. In ana son ɗorewa, akwai abin da doka ta riga ta tanada a tarayya ba a aiki da shi yadda ya kamata: kwamitin ziyara duk shekara biyar, ya binciki kuɗi da naɗe-naɗe da ayyuka, gwamnati ta fitar da farar takarda. In rahoton ya fito a kan kari, shi ne takardar farko da za a ajiye wa sabon shugaba a tebur. Sai kuma a jirkita ranakun, kada wa'adin rajistara da na shugaba su faɗi shekara ɗaya.

Ɗan Yauri: Rahoton da kan fito bayan wanda aka bincika ya sauka har ya yi sallama da ofis?

Baba Alhaji (Gwandu): Shi ya sa takardar miƙa ragama ta fi shi amfani, in an rubuta ta da gaskiya. Ba littafin hotunan gine-gine ba. A sa jerin kowace kwangila, nawa anka biya, nawa ya rage, kashi nawa na aikin anka yi. Jerin malaman da ke karatu waje da gida, ranar tahiyarsu, ranar dawowa, da takardar alkawarin da sunka sa wa hannu. Ranar da shaidar kowane kwas za ta ƙare. Shari'un da ke kotu. Bashin wuta da na 'yan kwangila da haƙƙin ma'aikata da ba a biya ba. Sakamakon jarrabawa da Sanet ba ta zauna kansu ba. Kowane shugaban sashe shi kawo nashi, rajistara shi haɗa, majalisa ta gani kahin mai fita shi fita.

Injiniya Lawali: Baba, a gafarce ni, an bar ɗaya. Takardun fili: taswirar safiyo mai lambobin turakun iyaka, takardar mallaka, da jerin masu gonakin da aka biya diyya da sa hannunsu ko dangwalen yatsa. Jami'o'inmu duk kan gonakin mutane aka kafa su. In wannan jerin ya ɓata, bayan shekara goma jikokin mai gona za su zo su ce ba a biya kakansu ba, ka tarar an shuka gero har gindin katangar ɗakin kwanan ɗalibai, kuma turakun siminti an tumɓuke su tun tuni.

Baba Alhaji (Gwandu): Na karɓa. A yi kwafi uku, guda wajen rajistara, guda sashen ayyuka, guda wajen lauyan jami'a.